Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Wasanni da Masu Horar da 'Yan Wasa a Jihar Kaduna

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina yi wa shugabanninmu masu kula da harkar wasanni a wannan jiha, da ciyamomin ƙungiyoyi manya da ƙanana, da iyayenmu kociyoyi waɗanda a hannun wasunsu muka taso, fatan alheri da ƙarin lafiya. Allah ya saka muku a kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan jama'a, wadda sau da yawa daga aljihunku take fitowa.

Ni tsohon ɗan ƙwallo ne da ciwon gwiwa ya raba da fili tun ban je ko'ina ba. Yanzu ina koyar da wasanni a wata makarantar sakandare, da la'asar kuma ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17 a wani filin unguwa a Tudun Wada. Na rubuto ne da yawun wasu abokan aikina da muka daɗe muna juya wannan magana a bakin fili, da yawun iyayen da suka kawo mini kukansu, da kuma yawun yaran su kansu, waɗanda tarbiyyar gidajenmu ba ta ba su damar ɗaga ido su faɗa wa babba abin da ke cinsu a rai ba.

Duk lokacin da za a shiga sansani ko a tafi gasa, akan tsara waɗanda za su raka 'yan wasa: koci da mataimakinsa, mai ba da agaji da jakarsa ta bandeji da man zafi, mai kula da riguna, sai direba. A tsawon shekarun da na yi ina bin tawaga, ina ɗan wasa da kuma bayan na zama malami, ban taɓa tafiya da mutumin da aikinsa shi ne ya kula da hankalin yaro da halin da zuciyarsa ke ciki ba, kuma ban taɓa zama a wani kwas na kociyoyi da aka ware wa wannan fanni ko da yini guda ba. Muna horar da ƙafa da huhu, mun bar abin da ke ba su umarni. Wannan sakaci ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A nan aka haifi marigayi Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. A tawagar da ta ciwo zinare a Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, dukkansu 'ya'yan garin nan. Mun karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, kuma filin wasa na Ahmadu Bello ya ga wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009. Muna ƙirga waɗannan sunaye muna alfahari, amma babu mai ƙirga yaran da suka fara tare da irinsu, waɗanda baiwarsu ba ta gaza ba, suka watse a hanya saboda abin da ba a gani da ido.

Akwai wani yaro mai tsaron raga da na raina tun yana ɗan shekara 12, har ya kai na miƙa shi ga wata ƙungiya da ta fi tawa ƙarfi. A wani wasan kusa da na ƙarshe, saura mintoci kaɗan a tashi, aka bugo masa ƙwallo mai sanyi wadda ko a mafarki yana kama irinta, ta sulluɓe ta tsakanin hannuwansa ta shige raga. Ina tsaye a bayan fili na ga abin da ya biyo baya. Kocinsa ya tara 'yan wasa a da'ira, ya tsayar da shi a tsakiya, ya ce masa ya faɗi nawa aka ba shi ya sayar da su, sannan ya ɗauke shi da mari a gaban abokansa da 'yan kallon da ba su gama watsewa ba. Yaron bai ce uffan ba. Ya koma jikin sandar raga ya zauna, safar hannunsa ma bai cire ba, har aka kira sallar magariba. Tun daga ranar bai sake zuwa tirenin ba. Bayan kusan wata biyu na same shi a wani garejin kanikawa wajen Panteka, hannunsa duk baƙin mai, muka zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ce mini: "Koc, wallahi kwana uku kafin wasan nan ban yi barcin kirki ba, tunda aka ce mana wani ajan, mai nema wa 'yan wasa ƙungiya, zai zo kallo. Da safe ma sai da na yi amai. Da na ga ƙwallon ta taso, hannuna rawa yake yi." Na tambaye shi dalilin da bai faɗa wa kowa ba, sai ya ce idan ya faɗa benci za a ajiye shi, a ce ba shi da zuciya.

Masana sun daɗe da sanin yadda irin wannan ke faruwa. Idan mutum ya hango abin da yake fargaba, jiki kan saki sinadarai irin su adirenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya koma sama-sama, tsokoki su ɗaure, baki ya bushe, ciki ya juya. Kaɗan daga wannan yana da amfani, domin shi ke farkar da ɗan wasa ya ƙara masa kaifi. Idan ya wuce kima kuwa, sai ganin yaro ya ƙuntata har ya daina hango abokin wasansa da ke gefe, ƙafar da ta saba bugu ba tare da tunani ba ta koma sai an yi mata lissafi. Shi ya sa za ku ga yaron da ke zura fenariti goma a jere a tirenin ya zo ranar gasa ya aika ƙwallo sama, alhali tazarar mita 11 ce jiya da yau. Sannan wanda jikinsa ke ɗaure, hankalinsa kuma ya rabu biyu, ya fi saurin jin rauni, ga rashin barci da ke hana tsoka ta huta ta warware. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ana koyon shawo kan wannan kamar yadda ake koyon tarar ƙwallo da ƙirji. Akwai jan numfashi a hankali tare da tsawaita fitarsa, wanda ke sassauta bugun zuciya. Akwai tsayayyar al'ada kafin bugu, wato yaro ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja baya da taku iri ɗaya kullum, ya zaɓi kusurwa kada ya sauya. Akwai rufe ido ya hango kansa yana yin abin daki-daki tun kafin ranar, da gajeriyar kalmar da zai riƙa faɗa wa kansa bayan kuskure don ya dawo cikin wasa, da koya masa ya ɗora hankalinsa a kan abin da ke hannunsa, kamar tsayuwarsa da kiran 'yan bayansa, maimakon ajan ɗin da ke zaune a inuwa. Yaranmu da yawa, Musulmi da Kirista, suna da addu'o'in da suke yi kafin su taka fili, kuma masanin da ya san aikinsa a kan wannan zai ɗora gininsa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura ko kuɗin jirgi, amma babu wanda ya taɓa koya wa yaron nan ko guda.

Magana ta biyu ta fi nauyi a bakina, domin ta shafe mu ne mu kociyoyi. A ƙungiyoyinmu na unguwa koci shi ne wuƙa shi ne nama. Shi ke zaɓen wanda zai buga, shi ke riƙe katin rajistar yaro, shi ke magana da ajan, shi ke biyan kuɗin mota zuwa wasa, wani lokaci ma a shagonsa yaron da ya zo daga ƙauye yake kwana. Mutumin da aka tara wa iko irin wannan a kan yaro ɗan shekara 15 ya kamata a ce an koya masa yadda zai riƙe shi, amma yawancinmu abin da aka yi mana muke maimaitawa. Ni ma na yi tsawa, na sa yara tsallen kwaɗo a rana saboda an ci mu, domin haka na taso na gani, kuma na daɗe ina ɗauka cewa hakan ne ke sa yaro ya zama namiji. Sai daga baya na lura da abin da yake haifarwa. Yaron da ake yi wa ashar a zagi uwarsa idan ya yi kuskure, ba ya daina kuskure, sai dai ya daina neman ƙwallo. Za ka gan shi yana laɓewa bayan abokin hamayya don kada a ba shi. Wanda aka ajiye a benci mako uku ba tare da an gaya masa laifinsa ba, sai ya cika zuciyarsa da zato, ya ce wane ɗan gidan koci ne, ko wane ya ba da wani abu. Wanda kuma ya san cewa faɗin ciwo na nufin rasa gurbi, sai ya ɗaure idon sawunsa da tsumma ya shiga fili, ƙaramin targaɗe ya zama abin da zai raba shi da wasa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ɗanyen icce ma yana karyewa idan hannun ya yi nauyi.

Ban faɗi wannan don in ci mutuncin kowa ba. Na san kociyoyin da suka sayar da babur ɗinsu don su kai yara gasa, na san waɗanda ba su da albashi ko na sisi, ciyaman na kira a waya, 'yan kallo na zagi ta bayan waya, gida kuma ana jiran cefane. Mutumin da ke cikin irin wannan matsi a kan na ƙasa da shi yake saukewa. Saboda haka kocin ma yana buƙatar wanda zai saurare shi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan ɗan wasa ya rikice, fassara biyu muke da su: ko dai a ce rago ne, ko a ce an yi masa asiri an ɗaure masa ƙafa. Ta farkon tana sa yaro ya yi shiru, ta biyun kuma tana sa ya fara zargin abokin da suke neman gurbi ɗaya, har ya ƙi cin abinci a kwano ɗaya da shi a sansani, ya kwashe ɗan abin da ya samu ya kai wa masu cewa za su kwance shi. Wanda bai samu sauƙi ta nan ba, akwai aboki a gefen fili da zai miƙa masa ƙwaya ya ce tana cire tsoro da gajiya. Duk wanda ke harka da matasa a garin nan ya san yadda tiramol ya shiga cikinsu, kuma tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda irin ɓarnar da ya yi. Abin da yaranmu da yawa ba su sani ba shi ne, daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta sa tiramol cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Ke nan yaron da ya saba da shi don ya danne faɗuwar gaba, ko da Allah ya ɗaga shi ya kai inda ake gwajin fitsari, dakatarwa ce ke jiransa, ban da lafiyarsa da ya riga ya taɓa.

Masu cewa wannan ciwon 'yan hutu ne su dubi waɗanda suka fi kowa juriya a duniya. Simone Biles ta Amurka ta janye daga wasanni da dama a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ta ce hankalinta da jikinta sun daina tafiya tare, kuma a wasan alkafura irin nata hakan na iya karya wuya. Ta nemi taimako, ta dawo a Paris a 2024 ta ci zinare uku. Robert Enke kuwa, mai tsaron ragar Jamus, ya hallaka kansa a watan Nuwamban 2009 yana da shekara 32, daga baya matarsa ta bayyana cewa ya daɗe yana ɓoye ciwon damuwa saboda tsoron abin da zai biyo baya idan aka sani. A 2019 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya ta musamman a kan lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan wasa. A nan gida ma, a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka ta motsa, filayenmu ne ba su motsa ba.

Sai waɗanda rauni ya kayar, ko aka sallama bayan gwaji. Ranar da likita ya ce mini gwiwata ba za ta sake ɗaukar gasa ba, daga ƙungiyarmu mutum ɗaya ne ya leƙo ni, shi ma sau ɗaya. Na yi watanni ba na son fita ƙofar gida, ba na son jin ƙarar usur daga filin makarantar da ke bayanmu, kuma da ba don wani kawuna da ya matsa mini na koma karatu ba, Allah kaɗai ya san inda zan faɗa. Yaron da tun yana firamare ake kiransa da sunan wani shahararren ɗan wasa, ya bar makaranta saboda ƙwallo, gidansu kuma suka ɗora masa burin fitar da su daga talauci, idan aka ce masa ya tattara kayansa, ba gurbi kaɗai ya rasa ba, har da amsar da zai bayar idan aka tambaye shi ko shi wane ne.

'Yan matanmu masu guje-guje da ƙwallon hannu da hoki da ƙwallon raga nasu ya ninka. Kafin yarinya ta iso fili ta riga ta sha surutun unguwa, sannan ta tarar kusan duk masu iko da ita maza ne, a tafi gasa kwana da kwanaki babu mace babba ko ɗaya da za ta iya kai wa kuka, ko ta gaya wa lalurarta ta wata. Iyaye biyu sun gaya mini da bakinsu cewa wannan ne ya sa suka cire 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Batun alawus da ake jinkirtawa kuwa ba sai na tsawaita ba, kowa ya san yaron da ya kwana da yunwa yana tunanin kuɗin motar komawa gida ba zai natsu a fili ba.

Saboda haka muke roƙonku, da girman kujerunku, a sa wannan fanni cikin kowane kwas da ake shirya wa kociyoyi a jihar nan, kuma ya zama sharaɗi kafin a damƙa wa mutum tawagar yara. A koyar da shi da Hausa da Turanci, domin da yawa daga masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa ba su yi dogon karatu ba, alhali su ne suka fi kowa yawan yara. Ba sai an je nesa neman malamai ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen ilimin motsa jiki da na nazarin halayya da ba da shawara, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas kuma horar da kociyoyi ne aikinta. Muna roƙon a zauna da su a ƙulla yarjejeniya.

Muna roƙon duk tawagar da za ta wakilci jiha ta tafi da masanin halayyar 'yan wasa, kuma a kawo shi tun farkon sansani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya zama yaro na iya ganinsa a keɓe, da tabbacin cewa abin da ya faɗa ba zai koma kunnen mai zaɓen 'yan wasa ba, sai idan rayuwarsa ce ke cikin haɗari. Idan babu wannan tabbaci, babu yaron da zai buɗe baki. Idan kuɗi bai kai a ba kowace ƙungiya nata ba, a samar da mutum ɗaya ko biyu masu zagayawa tsakanin Kaduna da Zariya da Kafanchan, da sananniyar hanyar tura wanda lamarinsa ya yi tsanani zuwa asibiti cikin sirri da sanin iyayensa.

Muna roƙon a rubuta ƙa'ida ƙarara wadda ta hana duka da ashar da horon wulaƙanci, kowane koci ya sa mata hannu, a karanta wa yara da iyayensu ita ranar rajista, a kuma faɗi hukuncin wanda ya karya ta. A ware wani dattijo ko jami'i da ba ya ƙarƙashin koci, wanda yaro zai iya kai wa ƙara ba tare da ya rasa gurbinsa ba, kuma kada a sake tafiya da 'yan mata ko'ina sai da mace babba a cikin tawaga. Ku kuma iyayenmu kociyoyi, akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi: idan za ka ajiye yaro a benci ka kira shi gefe ka gaya masa dalili da abin da zai gyara, idan za ka yi masa faɗa ka bari jini ya sauka ka yi masa ku biyu, wanda ya ji rauni kuma a riƙa leƙa shi, a bar shi ya zo ya zauna tare da 'yan'uwansa a bakin fili.

Yaron nan mai tsaron raga yanzu yakan zo filina ranar Lahadi ya taya ni jera wa ƙanana mazugi, ya nuna musu yadda ake faɗuwa ba tare da an bugu ba, amma har yau bai yarda ya sa safar hannu ba. Ya ce mini idan za a yi zama a kan wannan magana zai zo ya faɗi nasa da bakinsa. Muna roƙon ku kira wannan zama kafin a buɗe sansani na gaba. Za mu zo da shi, da iyayen da suka amince su yi magana, da kociyoyin unguwa da suka ce a shirye suke su zauna a aji.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Malamin wasanni kuma mai horar da yara,
Tudun Wada, Kaduna.